Rediyon Alhaji da "ƙas" ɗin da na yi wata uku ina nema

1/ Saura ƙiris a ɗora rediyon kakana a kan sikeli a sayar da shi kilo-kilo, kamar tsohon gadon ƙarfe. Wata uku na yi ina fama da shi. Na ƙona abu biyu a cikinsa, na ƙona yatsana, sau biyu ina cewa na haƙura. Jiya da daddare ya yi magana. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Tun da wuri in faɗa muku, ni ba ɗan injiniya ba ne. Tattalin arziki nake karantawa, aji uku. Kafin wannan aikin iyakacin gyarana canja ƙwan fitila da hura gindin waya in ta ƙi caji. Masana harkar ku yi min afuwa in na kira wani abu da sunan da ba nasa ba.

3/ Bayan ƙaramar Sallah aka yanke shawara Hajiya, kakata, ta bar tsohon gidanmu na cikin birnin Kano ta koma gidan Kawu. Ido ya yi rauni, ƙafa ma ta fara ƙi. Shekara tara ke nan da rasuwar Alhaji, Allah ya jiƙansa, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa kayan turakarsa.

4/ Ranar kwashe kaya aka kira 'yan gwangwan. Tsohuwar fanka, mataccen firji, keken da ba taya, duk aka fito da su tsakar gida. Sai ga yara biyu sun ciccibo wani akwati daga ƙarƙashin gado, suna nishi. Jikinsa katako, fuskarsa ƙarfe mai ruwan azurfa, ƙura ta rufe shi ruf.

5/ Na sa gefen rigata na goge gilashin. Pioneer SX-737. Ɗan gwangwan ya ɗaga shi ya jinjina, ya ce akwai tagulla a ciki, zai ba da dubu huɗu. Kawu ya ce a sallama. Hajiya tana zaune a kan tabarma ba ta ce uffan ba, sai dai na ga ta juyar da kai wajen bango.

6/ Sunan Alhaji aka sa min, don haka Hajiya ba ta taɓa kiran sunana. Maigida take ce min. Na durƙusa na ce, "Hajiya, a bar min shi mana." Ta ce, "Me za ka yi da gawa, Maigida? Tun kafin mai shi ya tafi ya daina magana." Amma ba ta ce a sayar ba.

7/ Kawu ya yi dariya ya ce in ina son nauyi in ɗauka. Da gaske nauyin ne, ya fi kilo goma. A adaidaita na kai shi ɗakina, rungume a cinya kamar mara lafiya.

8/ Ga waɗanda ba su san irinsa ba: rediyo ne da amfilifaya a akwati guda. Ba shi da sifika a jikinsa. Yana kamo tasha, ko ya karɓi sauti daga garmaho ko kaset, ya ƙara masa ƙarfi ya tura wa sifiku biyu, hagu da dama. Ƙirar Japan ce ta wajen 1974, wat 35 kowane ɓangare.

9/ Yadda ya shigo gidanmu ma labari ne. A zamanin Gowon kwamitin Jerome Udoji ya duba albashin ma'aikatan gwamnati, aka yi ƙari, a farkon 1975 aka biya har da ariyas. Tsofaffi har yau suna cewa "kuɗin Udoji". Wasu suka sayi babur, wasu firji, wasu suka ƙara aure.

10/ Alhaji, malamin makaranta a lokacin, ya tattara nasa ya sayo wannan da garmaho da manyan sifiku biyu. Kawu ya ce sati biyu Hajiya ta yi tana fushi, don ita keken ɗinki ta sa rai. Abin dariyar, rabin fuskar rediyon lambobin FM ne, alhali ko tashar FM ɗaya babu a Kano a lokacin.

11/ To, kuskure na farko, a daren farko. Na kakkaɓe ƙurar waje, na yi bisimilla, na cusa filogi a soket. Fitilun fuskar suka kawo shuɗi mai kyau, zuciyata ta yi fari. Daƙiƙa kamar biyar sai wani siririn hayaƙi ta ramukan sama, da warin da duk wanda ya taɓa ƙona caja ya sani.

12/ Na fizge filogin hannuna yana rawa. Abin da ya shekara hamsin a duniya, 'yan gwangwan ba su kashe shi ba, ni na zo zan ƙarasa shi a dare ɗaya. Ban yi barcin kirki ba, wallahi.

13/ Da safe na kwance murfin. Jama'a, gari guda na tarar a ciki. Gidan zanzaro biyu manne da taransifoma, kashin ɓera, busassun kyankyasai, ga ƙurar hunturun shekaru ta zama kamar bargo. A gefe guda wani ɗan razista ya yi baƙi ƙirin. Aikina ne wannan.

14/ Sai na duba fis. Ashe tuntuni ya tsinke, wani mai dabara ya naɗa masa zaren waya ya mayar. Fis an yi shi ne ya mutu a madadin sauran kayan. In ka ɗaure shi da waya ka hana shi aikinsa, sai wutar ta wuce ta nemi wani ta kashe.

15/ Na ɗauke shi sai Sabon Gari. Shago huɗu na shiga. Biyu suka ce su waya da talabijin ɗin bango suke yi. Ɗaya ya ce in bari ya kwashe kayan cikin ya sa min ɗan fanel na Bluetooth, "zai yi ƙara fiye da da". Na huɗun ne ya nuna min wani lungu ya ce in tambayi Baba mai rediyo.

16/ Dattijo ne, zai kai saba'in, tabarau biyu a fuska ɗaya kan ɗaya. Yanzu yawancin aikinsa amfilifayar masallatai da sitabilaiza. Da ya ga abin da na sauke sai ya ajiye abin hannunsa, ya shafa katakon, ya ce, "Kai yaro, ina ka samo wannan?"

17/ Na ba shi labari har da hayaƙin. Bai yi min faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Da ka kunna, ka ji ya ce ƙas?" Na ce wane ƙas? Ya ce, "To ka ga ba ka ma san abin da kake nema ba."

18/ Ya yi min bayani. A cikinsa akwai wani makunni mai aiki da kansa, rile ake ce masa. In ka kunna, injin yakan ɗan jira daƙiƙoƙi ya duba kansa. In lafiya lau ne, rile ya ce ƙas, ya haɗa sifiku. In ya ga wutar da za ta ƙona sifika, sai ya ƙi haɗawa. Shirun nan kariya ce.

19/ Na ce nawa zai gyara min. Ya ce, "In na karɓa shekara zai yi a ƙarƙashin teburin nan. Idona ba ya ganin ƙananan nan kamar da, kuma kuɗin lokacina ba ka da shi. Amma kai kana da ido. Ka dinga zuwa ran Asabar, ka yi da hannunka, ni in dinga kallo."

20/ Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ya maimaita shi ya fi sau hamsin a wata ukun nan: "Kada ka canja abin da ba ka auna ba." Na ce to, Baba. A raina ina cewa ai na kalli bidiyo wajen ashirin a YouTube, me ya rage?

21/ Abu na farko da ya sa na haɗa ba ma a cikin rediyon yake ba. Ƙwan fitila ne irin na da, mai zare a ciki, wat 100. Ana yanka waya ɗaya ta wutar da za ta shiga rediyon, a sa ƙwan a tsakani, ta yadda dole wuta ta bi ta cikinsa kafin ta isa.

22/ In rediyon lafiya yake, ƙwan zai yi haske farat ɗaya sannan ya dushe. In wani abu ya haɗe a ciki, ƙwan zai haska sosai ya tsaya a haka, ya shanye wutar, kayan ciki su tsira. Da na san wannan a daren farko da ban ga hayaƙi ba.

23/ Samun ƙwan kuwa sai da na sha yawo. Ko'ina LED ne, shi kuma ba ya wannan aikin. A ƙarshe wajen wani mai sayar da kayan kiwon kaji na samu, su suke ɗumama 'yan tsaki da shi 😂

24/ Kayan aikina gaba ɗaya: mita ta awon wuta irin mai arhar nan, ayan na narka dalma, dalmar kanta, ɗan famfon zuƙe tsohuwar dalma, sukudireba biyu, burushin fenti sabo, da gwangwanin feshin wanke makunnai. Kuɗin da nake tarawa don canja waya ne ya tafi a nan.

25/ Sai littafin gyara. Kamfanin ya buga wa masu gyara littafi mai taswirar kowace waya, da adadin wutar da ya kamata a samu a kowane wuri. Na same shi a intanet, na buga shafukan a shagon hoto na bakin makaranta. Mai shagon ya ɗauka aikin aji ne.

26/ Wannan ya tsaya min a rai. Mutanen da suka ƙera abin nan sun ɗauka wata rana zai lalace, kuma wani zai buɗe ya gyara. Komai da noti, kowane ɗan abu da lambarsa a rubuce a jikin fanel. Wayar da nake rubuta muku wannan da ita, ko batirinta ba zan iya cirewa ba sai an gasa bayanta.

27/ Gargaɗi kafin in ci gaba, don Allah. A ciki akwai manyan kafasita biyu kamar gwangwanin madara. Suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Ana sauke musu ita ta razista, a auna a tabbatar, kafin a sa hannu. Kuma wajen da wutar gida take shiga kisa yake yi. Ba wajen gwaninta ba ne.

28/ Asabar biyu na farko shara kawai na yi. Burushi, hura iska, feshi a cikin kowane abin murɗawa da kowane maɓalli, a murɗa shi sau talatin, a bari ya bushe. Baba ya ce rabin rediyoyin da ake kawo masa a matsayin matattu datti ne kawai ya toshe musu makunni.

29/ Wuri ɗaya ya hana ni ko kusanta: ɓangaren kamo tasha, mai wasu siraran faranti da ke shiga cikin juna in ka juya, da ƙananan notuna kamar suna roƙon a murɗa su. Ya ce an saita su da na'urorin da ni da shi ba mu da su. "Ka murɗa ɗaya, ka yi sallama da FM."

30/ Muka gano abin da ya yi hayaƙi. Wani ƙaramin kafasita ne ya mutu ya haɗe, ya ja wuta ta bi ta razistan har ya ƙone. Irin waɗannan akwai ɗan ruwa a cikinsu, shekaru da zafi suna busar da shi. Ku tuna zafin Kano a watan Afrilu, sau hamsin.

31/ Na canja su biyun, na sa fis na gaskiya mai lambar da aka rubuta, muka kunna ta ƙwan. Ya haska, ya dushe. Fitilu suka kawo, babu hayaƙi. Muka yi tsit muna jira. Daƙiƙa biyar, goma, ashirin. Babu ƙas.

32/ Nan na yi kuskure na biyu. Na koma gida da haushi, na ce tunda kafasita ɗaya ya mutu bari in canja dukkansu a huta. Na sayo cike da leda, na zauna dare ɗaya ina cirewa ina sawa, ban auna komai ba, ban gaya wa Baba ba.

33/ Canja tsofaffin kafasita ba laifi ba ne, ana yi. Amma fanel ɗaya ake yi a gwada, sannan a wuce na gaba. Kowanne da ƙafar da take fuskanta, in ka juya shi zai iya fashewa. Ni kuwa ga barci, ga fitilar waya a baki saboda an ɗauke wuta an dawo da ita rabi.

34/ Na daɗe da ayan a wuri ɗaya har siririn layin tagullar da ke jikin fanel ya ɗago ya tsinke. Garin ruɗewa na damƙi ayan ta wajen zafin. Tabon yana nan a yatsana. Da na kunna, ƙwan ya haska fau kamar rana, ya ƙi dushewa.

35/ Sati biyu ban je wajen Baba ba, kunya ta hana ni. Na tura rediyon ƙarƙashin gado, daidai yadda na same shi a turakar Alhaji. Ga jarrabawar tsakiyar zango ta matso. Na ce wa kaina dama gawa ce, Hajiya ma ta faɗa.

36/ Ran Juma'a na je gaishe ta a gidan Kawu. An ba ta ɗaki mai tayil da fanka, komai tsaf, amma tana zaune shiru kamar baƙuwa. Babu maƙwabtan da ta saba da su, jikoki duk suna makaranta. Muna cikin hira ta ce, "Maigida, ya mara lafiyar taka?" Ashe tana lissafe.

37/ Na ce yana samun sauƙi. Ƙarya na yi mata, kuma ina jin ta gane. Washegari na ɗauki rediyon da kunyata na koma Sabon Gari.

38/ Baba ya duba aikin ya yi shiru, sannan ya ce, "Da cuta ɗaya ka zo, yanzu ka ƙara biyu, kuma ba ka san wacce ce taka wacce ce tasa ba." Ya miƙo min mita. Da kyamarar waya muka gano ɗigon dalma ya haɗe layi biyu. Na cire, na ɗinke layin da ya tsinke da 'yar waya.

39/ Ƙwan nan na masu kaji shi ya ceci taransifoma a daren. Ba don shi ba da labarin ya ƙare a nan, don irin wannan taransifomar ba a shiga kasuwa a sayo ta.

40/ Sai muka yi abin da ya kamata in yi tun farko. Muka sa mita a inda sauti yake fita kafin ya isa rile. Wurin ya kamata ya nuna kusan sifili. Dama ta nuna haka. Hagu kuwa bolt uku, huɗu, shida, lamba tana yawo. Wutar DC ce, irin ta batir, mai gasa sifika. Rile yana da gaskiya da ya ƙi.

41/ Muka bi taswira baya-baya har bakin ƙofar amfilifayar hagu. Wasu ƙananan taransista biyu ne a wurin, 2SA726, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Aikinsu su yi daidai da juna kamar sikeli. Ƙafafunsu sun yi baƙi. Masu gyara sun san wannan lambar, in ta tsufa takan yi yoyo da ƙara.

42/ Ku duba fa. Akwati mai kilo goma da wani abu, shekara da shekaru a ƙarƙashin gado, saboda abu biyu da ba su kai farcena ba. Awon da ya nuna su bai ɗauki minti goma ba. Ni kuma na ƙona dare guda da yatsa guda ina canja abin da ba shi ne ba.

43/ An daina yin 2SA726, madadinsa KSA992. Ban samu a kasuwa ba, sai wani abokina mai odar kaya ya haɗo min guda ashirin, sati uku ina jira. Mitata tana da 'yan ramuka na auna ƙarfin taransista, na bi su ɗaya-ɗaya na ware waɗanda lambarsu ta yi kusa da juna.

44/ Kuskure na uku, ƙarami. Jerin ƙafafun sabon ba ɗaya ba ne da na tsohon. Na sa shi yadda tsohon ya fuskanta, mita ta nuna sama da bolt 30. Amma wannan karon na auna kafin in haɗa sifika. Na duba takarda, na juya su. Baba bai ce komai ba, ya dai ci gaba da cin goronsa.

45/ Na sake kunnawa. Ƙwan ya haska, ya dushe. Mita ta sauka kusan sifili ta tsaya cak. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ƙas.

46/ Wallahi ban san na yi ihu ba sai da mai shagon kusa ya leƙo. Baba ya jawo wata tsohuwar sifikar mota ya haɗa, ya juya allura a hankali, sai ga muryar mai labarai a Freedom, 99.5, tas kamar yana cikin shagon. Ya ce, "To, yanzu ka canja na dama ma, tare suka tsufa."

47/ Sauran aikin sati biyu ne. Fitilun fuska biyu da suka mutu, masu bolt 8 ne, siffarsu kamar fis. Katakon na goge da ɗan mai. Sifikun Alhaji an ba da su aro wani biki tun ina firamare ba su dawo ba, sai na sayi wasu na hannu.

48/ Wani abu da na koya a nan: in za ka haɗa waya, ramin AUX za ka sa, kada ka sa a PHONO. Na PHONO an yi shi ne don allurar garmaho mai siririn sauti, yana ninka shi sosai. Na gwada da waya, ƙarar da ta fito sai da maƙwabcina ya buga min bango.

49/ Jiya bayan isha'i na kai shi gidan Kawu. Na ajiye a kan durowa a ɗakin Hajiya, na haɗa wayoyi. Ta ce me nake ta ƙwaƙule-ƙwaƙule. Na ce mara lafiya ne aka sallamo. Na rage murya gaba ɗaya don kada ta firgita, na danna makunni.

50/ Ba ta ganin fitilun sosai. Ɗakin shiru, ban ƙara murya ba tukuna. Sai rile ya ce ƙas. Hajiya ta ɗago kai da sauri ta ce, "Shi ne."

51/ Ta ce kullum in Alhaji ya dawo daga sallar asuba, tana ɗakin girki tana hura wuta, ba ta jin shigowarsa. Wannan ƙas ɗin take ji ta tagar turaka, sai ta san ya dawo, ta ɗora ruwan shayi. Shekara talatin da wani abu a haka. Ta ce ranar da ya daina yi, ta daɗe tana makara da shayin.

52/ Wata uku ina bin sautin nan da mita, a wurina alama ce kawai cewa wuta ta daidaita. Ban taɓa sanin akwai wadda ta riga ni saninsa tun kafin a haifi babana ba. Ban iya cewa komai ba. Na sunkuya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

53/ Ba ta yi kuka ba, kada ku ƙara wa labarin gishiri. Cewa ta yi in nemo mata Rediyon Kano. Da na samo ta saurara kaɗan ta ce, "Na Alhaji ya fi wannan kauri." Na ce sifikun ne ba nasa ba. Ta ce, "Dama na sani, kai kullum aikinka rabi-rabi." 😂

54/ Kuma tana da gaskiya, bai gama warkewa ba. 'Yar jar fitilar sitiriyo ba ta kawowa a FM, allura tana ɗan kauce wa lamba, kuma na yi alƙawari ba zan taɓa wancan ɓangaren ba. Na koya mata makunni da abin murya da laluben hannu. Na ɗaura zare a jikin na muryar don ta gane shi.

55/ In kuna da irinsa a gida, Pioneer ne, Sansui, Kenwood, Akai ko National, ga abin da na biya kuɗi da fata na koya:
kada ku cusa shi a soket kai tsaye,
ku duba fis da maɓallin zaɓen wuta na baya in yana da shi,
ku share kafin ku kwance,
ku auna kafin ku canja,
abu ɗaya a lokaci ɗaya.

56/ Kuma ku nemi dattijan nan tun suna nan. Baba ya ce shekara shida rabonsa da yaron da ya zo koyo, kowa waya yake so. Da na kai masa ɗan abin da na iya, ya ƙi karɓa, sai da na ce na goro ne. Asabar mai zuwa zan koma, akwai amfilifayar wani masallaci da ya ce in zo in auna.

57/ Saura abu ɗaya. Da zan tafi jiya Hajiya ta ce in jawo mata adakarta. Daga can ƙasa, a naɗe cikin tsohon zani, ta fito da faifan garmaho goma sha ɗaya, har da na Shata da na Ɗan Maraya. Ranar kwashe kaya ta ɓoye su, ko Kawu bai sani ba.

58/ Ta ce, "Tunda ka iya tayar da matattu, Maigida, ga sauran." Garmahon Alhaji kuwa babu wanda ya san inda ya shiga.

59/ Don haka in akwai mai tsohon garmaho a Kano ko Zariya, ko da ba ya juyawa, kada ya ba 'yan gwangwan, ya yi min magana ta saƙo. Wannan karon sai na auna kafin in taɓa komai. Wanda ya karanta har nan ya sa Alhaji a addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu.